Kano ko Zariya: ina ya kamata ƙanena ya karanta harkar kasuwanci?

Yaya Babba:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar iyayenmu da malamanmu da ke nan a kan wata magana da ta hana gidanmu sakat tun ranar da sakamakon JAMB ya fito. Ƙanena, wanda nake ɗauke da nauyin karatunsa tun bayan rasuwar mahaifinmu, ya ci maki 236, kuma yana da kiredit a Turanci da lissafi da tattalin arziki. Abin da yake so ya karanta shi ne gudanar da kasuwanci, kuma lokacin cike takarda ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a zaɓin farko ba tare da ya shawarci kowa ba.

Yanzu sai ga kawunmu, ƙanen mahaifiyarmu, mai shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, ya ce a sauya masa zuwa Jami'ar Bayero, ya zo ya zauna a gidansa da ke Kurna, ci da sha da makwanci duk a wuyansa, in ya so yaron ya riƙa leƙa shago duk ranar da ba shi da lakca. Hajiyarmu ta karɓi maganar hannu bibbiyu, domin a wurinta yaro a gaban ɗan'uwanta ya fi yaro a garin da ba mu da kowa. Nisa ba zai raba mana gardama ba, saboda mu mutanen Malumfashi ne: in ka bi ta Dayi da Gwarzo, mota za ta sauke ka a ƙofar sabuwar harabar Jami'ar Bayero tun kafin ka shiga gari, in kuma ka bi ta Funtuwa da Giwa, za ta sauke ka a Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take. Ni albashina na malamin sakandare ne, ga iyali, saboda haka tayin kawu ya yi mini daɗi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Don Allah wanda ya san jami'o'in nan biyu ya ba ni haske.

Tsohon Ɗan Kongo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, kai kuma ya saka maka da alheri bisa riƙon da kake yi wa na bayanka. Zan faɗi inda na karkata tun da farko don kada a ce na ɓoye: a Kongo, ɗaya daga cikin harabobin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, na yi digirina cikin shekarun 1980, na yi aikin banki har na yi ritaya, saboda haka ba za a rasa son kai a maganata ba.

Koyar da sha'anin mulki da lissafin kuɗi a Zariya ya girmi jami'ar kanta. Makarantar da ke Kongo ta fara ne a ƙarshen shekarun 1940 tana horar da malaman ofis na En'e, kuma da aka kafa jami'ar a 1962 sai aka shigar da ita ciki. Zainab Shamsuna Ahmed, wadda ta riƙe ma'aikatar kuɗi ta tarayya, akanta ta karanta a can, haka nan Sanusi Lamiɗo Sanusi, gwamnan Babban Bankin Nijeriya daga 2009 zuwa 2014, tattalin arziki ya karanta a jami'ar. Amma ba tsufan makaranta ne hujjata ba, ɗana, domin tsufa ba ya koyar da kowa. Hujjata ita ce mutanen da yaro zai kwana da su ya tashi da su. A ɗakinmu na shekarar farko akwai Tibi daga Gboko, da Bayarabe daga Offa, da Babarbare daga Bama, sai ni. Dole ta sa na buɗe baki na yi Turancin da nake jin kunyar yi a gida, kuma dole ta sa na koyi yadda ake neman alfarma a wurin wanda ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba. Da na fara aiki aka tura ni wani reshe a Kudu, waɗannan mutanen ne suka zama danginmu a can.

Yaron da ya bar ɗakin mahaifiyarsa ya koma ɗakin kawunsa ɗaki kawai ya sauya. Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi, kuma wanda zai yi kasuwanci a ƙasa irin tamu ya fi kowa buƙatar wannan mabuɗi. Tun da shi da kansa ya zaɓi Zariya, ni ina ganin a bar shi.

Maman Hanifa:
Baba, Allah ya ƙara girma, ba mai musun cewa a gidanku aka raine mu. Kwalejin Abdullahi Bayero reshen jami'arku ce kafin ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, amma 'yar da aka aurar tun wancan lokaci ai yanzu ta ga jikoki. Kuma ina so a gyara wani zato: Jami'ar Bayero ba makarantar Kanawa zalla ba ce, domin a ajinmu akwai 'yan Kogi da Binuwai da Oyo, har da 'yan Jamhuriyar Nijar.

Abin da nake so Yaya Babba ya duba shi ne irin karatun da yaron ya zaɓa. Da likitan dabbobi ko aikin gona zai karanta, da ni ma Samaru zan nuna masa. Amma kasuwanci fa? Ɗalibin likitanci yana buƙatar asibiti, ɗalibin kasuwanci kuwa asibitinsa kasuwa ce, kuma ban san wani gari a Arewa da zai ba shi abin da Kano za ta ba shi ba. Ga Kwari ta tufafi, ga Singa ta kayan masarufi, ga Dawanau inda ake loda hatsi da riɗi zuwa ƙasashen waje, ga masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa. Binciken kammala digirina a kan yadda manyan 'yan Singa ke ba ƙananan 'yan kasuwa kaya bashi ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba na yi shi, kuma abin da na koya a makonnin da na yi ina zaune a bakin shaguna ya fi zaunar mini a kai fiye da abin da na haddace don jarrabawa. Ga kuma harkar bankin da ba ruwansa da kuɗin ruwa, wadda tun da Jaiz ya buɗe a 2012 take ƙara faɗi, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya guda ta musamman a kan bankin Musulunci. Yaron da kawunsa ke da shago a Kwari an ba shi ɗakin gwaji kyauta, ban ga dalilin da zai sa a mayar da hannun kyauta baya ba.

Na Rijiyar Zaki:
Ina goyon bayan Hajiya Maman Hanifa. A ƙara da cewa makarantar kasuwanci da Alhaji Aliko Ɗangote ya gina wa jami'ar, aka buɗe ginin a 2018, tana nan a sabuwar jami'a. Yaron da zai yi karatu a irin wannan wuri, da sunan Ɗangote a jikin takardarsa, ai ya wuce a haɗa shi da kowa.

Mai Alli:
Ina koyarwa a wata jami'ar tarayya da ba ɗaya daga cikin biyun nan ba, saboda haka ba ni da riba ko ta wace fuska. Da farko zan gyara wa ɗan'uwana na Rijiyar Zaki: makarantar Ɗangote ta masu karatun gaba da digirin farko ce, irin su babban digirin gudanar da kasuwanci. Haka ita ma cibiyar bankin Musulunci da Hajiya ta ambata. Yaron da JAMB ta kawo sashen koyar da kasuwanci na tsangayar zai shiga, kuma sunan jami'a ne zai fito a takardarsa, ba sunan wani attajiri ba. Samun waɗannan cibiyoyi a kusa yana da amfani, domin akan shirya laccoci da taruka da ɗalibi mai himma zai iya halarta, amma kada a yanke shawarar shekara huɗu a kan ginin da ba ajinsa ba ne.

Na biyu, yawancin masu wannan gardama suna zaton kowace jami'a da irin karatun da take bayarwa, alhali ba haka abin yake ba. Hukumar NUC mai kula da jami'o'in ƙasar nan ce take shimfiɗa manhaja, kuma a sabon tsarin da ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022, kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar daga wurinta yake fitowa, kashi 30 kawai aka bar wa kowace jami'a ta cike da abin da ya dace da ita. Saboda haka ko a Zariya ko a Kano, yaron zai haɗu da tushen akanta, da tattalin arziki, da ƙididdiga, da dokokin kasuwanci, da tallata kaya, da sarrafa kuɗi, da kula da ma'aikata, sau da yawa ma daga littattafai iri ɗaya. Dukansu jami'o'in tarayya ne, malamansu ƙungiya ɗaya suke, kuma yajin aikin ASUU na kimanin wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 bai tsallake ko ɗaya ba. Ban taɓa zama a wurin tantance masu neman aiki na ga an ɗauki wani an bar wani don wannan Zariya ya yi, wancan Kano ba. Abin da ido ke fara sauka a kai shi ne darajar sakamako.

Na uku, kafin a yi gardamar wacce ta fi, a tabbatar da wacce za ta ɗauke shi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewayen jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka ɗauka an bar su a baya a ilimin boko. Gudanar da kasuwanci yana cikin kwasa-kwasan da masu nema ke yi wa rubdugu, kuma manyan jami'o'in nan ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba. In za a sauya, sai an je cibiyar da JAMB ta amince da ita an sauya a hukumance kafin jami'ar ta rufe rajistar tantancewarta, in ba haka ba yaron zai tashi ba tsuntsu ba tarko.

Yaya Babba:
Allah ya gafarta Malam, na gode ƙwarai, wannan bayani ya sauke mini rabin nauyi. To in karatun kusan ɗaya ne, takardar ma nauyinta ɗaya, ashe maganar ta koma kan aljihu ke nan, kuma a nan Kano ce ta yi nasara, tun da can ba zan biya kuɗin ɗaki da na abinci ba. Ko akwai abin da ban hango ba?

Na Kwari:
Akwai, Yaya, kuma ni jiki ne ya gaya mini. Irin tayin da aka yi wa ƙanenka shi aka yi mini, kusan kalma da kalma: ka zauna a gida, ka yi karatunka, ka riƙa leƙa shago in ba ka da lakca. Wanda ya yi mini tayin wan mahaifina ne, mutumin kirki, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa cewa in bar aji in zo kasuwa ba. Matsalar ita ce kasuwa ba ta san jadawalin lakca ba.

A zangon farko Asabar kawai nake zuwa. Da aka ga na iya lissafi kuma hannuna ba ya ɗauka, sai aka ba ni littafin bashi. Daga nan sai aka ba ni makullin sito, saboda in diloli suka iso da safe ana buƙatar wanda zai ƙirga ya sa hannu. To ka gaya mini, Yaya, kana cin tuwon mutum, kana kwana a ɗakinsa, yaransa suna kiranka yaya, sai ya buga maka waya ƙarfe tara na safe cewa baƙi sun zo sari daga Maraɗi ko Gashuwa kuma yaran shago sun yi kaɗan, da wane baki za ka ce kana da gwajin ƙididdiga ƙarfe goma? Lokacin da kasuwar tufafi ta fi ci, wato daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Salla, da kuma bayan kaka in manoma sun sayar da amfani an shiga bukukuwan aure, ba ya tambayar ko jarrabawa ta matso. Sau biyu ina maimaita kwas ɗin ƙididdiga, na ƙara shekara guda a kan 'yan ajinmu, na fita da daraja ta uku. Ba malamin da ya zalunce ni, ba kuma zan ɗora wa baffana ba. Taura biyu na sa a baki.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Ranar da ka fara samun la'adarka ta kanka, ka ga a yini ɗaya ka riƙe abin da abokinka ke jira a aiko masa daga gida a wata, ranar malamin da ke gaban allo yake fara yi maka ƙanƙanta a ido. Yaro ɗan shekara goma sha takwas ba kowa ne ke iya jure wannan ba.

Maman Hanifa:
Alhaji, na ji labarinka kuma na tausaya, amma bari in yi maka tambayar da na san wasu na yi a zuci. Yau kana da shagonka, kana da yara a ƙarƙashinka, alhali cikin waɗanda suka fita da sakamako mai kyau akwai masu yawo da takarda har yanzu. Shin ba kai ne ka ci riba ba?

Na Kwari:
Hajiya, shagon kasuwa ce ta ba ni, kuma da ban taka jami'a ba ma da na same shi, kamar yadda maƙwabtana da ba su wuce sakandare ba suka samu nasu. Abin da na je jami'a nema shi ne ban samo ba. Yau in maganar haraji ta taso, ko banki ya nemi in kawo lissafin shekara a tsare kafin ya saurare ni, ko ina so in yi odar kaya da kaina daga Sin ba ta hannun wani ba, sai na ɗauko wani na biya shi, kuma sau da yawa abin da yake yi mini ina tuna an koyar da shi a ranakun da nake sito ina ƙirga diloli. Ina gode wa Allah da abin da ya ba ni, amma shekara biyar da kuɗin rajistar da aka kashe a kaina ban fanshe su ba.

Akanta Mai Ritaya Saura Kaɗan:
Ni a kan lissafin aljihun zan tsaya, domin Yaya Babba ya rufe littafi da wuri. Kurna tana kan titin Katsina, sabuwar jami'a tana kan titin Gwarzo, kuma tsakaninsu hawa biyu ne ko uku na a-daidaita-sahu, zuwa da dawowa, kwana biyar a mako. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin mota ya koma. Ka tambayi wani mazaunin Kurna abin da yake kashewa a rana, ka ninka da kwanakin zango biyu, sannan ka ajiye shi kusa da kuɗin gado a ɗakin kwanan ɗalibai da na abincin wata-wata a Zariya. Wataƙila har yanzu Kano ta fi sauƙi, amma tazarar ba za ta kai yadda kake zato ba. Ka kuma sa awannin da zai ƙone a hanya, domin wanda ke kwana a cikin makaranta yana iya zama a ɗakin karatu har dare, shi kuwa na Kurna hankalinsa na kan samun abin hawa kafin magariba. A ɗaya ɓangaren kuma, kada ka ɗauka gado a cikin makaranta tabbas ne, domin ɗalibai sun fi gadajen yawa, kuma in bai samu ba sai haya a cikin gari, wadda ta fi tsada.

Ka kuma san da asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da ya fara aiki a 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara biya. Bashi ne, ba kyauta ba, amma ga ɗalibin kowace daga cikin jami'o'in nan biyu ƙofar a buɗe take.

Dalilin da ya sa nake ɗaukar maganar Alhaji na Kwari da muhimmanci shi ne, digirin gudanar da kasuwanci masu shi suna da yawa ƙwarai, saboda haka abin da ke fitar da mutum daga cikin taro shi ne darajar sakamako da kuma takardar ƙwarewa. Daraja ta ɗaya daga maki 4.50 cikin 5.00 take farawa, daraja ta biyu ta sama daga 3.50, kuma bankuna da manyan kamfanoni da yawa a nan suke ja layi, su kuma sa iyakar shekaru. Ɗalibi mai lokacin kansa yana iya fara jarrabawar matakin farko ta ICAN, wato cibiyar ƙwararrun akantoci ta Nijeriya, tun yana jami'a, ya fita da abu biyu a hannu. Wanda lokacinsa ke hannun wani ba zai iya ba.

Tsohon Ɗan Kongo:
Tun da an yi mini adalci, ni ma zan yi. Zariya ba aljanna ba ce. 'Yancin da na yaba shi ne kuma ya kayar da wasu a gabana, yaran da suka zo daga gidajen tarbiyya, suka ga ba mai tambayarsu ina suka kwana, aka kore su tun a shekara ta biyu. Tsoron da mahaifiyarku take ji ba na banza ba ne, kuma kai ka fi mu sanin ko ƙanenka mai tashi sallar asuba ne da kansa ko sai an buga masa ƙofa. Amma ina da tambaya, ɗana. Mun ji ra'ayin kawu, mun ji na Hajiya, mun ji na aljihunka. Shin an zaunar da yaron an tambaye shi me ya sa ya rubuta Zariya, kuma me yake so ya zama bayan shekara huɗu? In burinsa ya gaji kawunsa a Kwari, lissafin daban ne da in burinsa aikin banki ko kamfani.

Na Rijiyar Zaki:
Na karɓi gyaran Malam a kan makarantar Ɗangote. Amma me zai hana a raba gardama, ya zo Jami'ar Bayero ya nemi gado a cikin makaranta, ya riƙa zuwa gidan kawu ranar Juma'a? Ya samu Kano, ya kuma samu lokacinsa.

Gwaggon Yara:
Ɗana na Rijiyar Zaki, a takarda wannan shawara ta fi kowace kyau, amma ka manta da yadda zumuncinmu yake. Mutum ya buɗe maka gidansa, ka shigo garinsu, ka wuce ƙofarsa ka je ka kwanta a gadon makaranta, me matarsa za ta ce, me kuma za a gaya wa 'yar'uwarsa a Malumfashi? Za a ce an raina gidan ne, ko ana zargin za a bautar da yaron. Kuma ko an daure an yi hakan, waya tana aljihunsa, kawu kuma ya san yana cikin gari. Ni na riƙe 'ya'yan dangi huɗu a gidana suna karatu, na san nauyin da ke kan mai riƙo da wanda ake riƙo. In ana so a ƙi tayin nan ba tare da an ɓata wa kowa rai ba, Zariya ce take ba da uzurin da ba mai jin haushinsa, domin sai a ce yaro ya riga ya cike can tun kafin kawu ya yi magana, kuma gaskiya ce.

Yaya Babba:
Na bi shawarar Baba, jiya bayan isha'i na zaunar da shi, kuma na ji kunyar cewa sai da aka tuna mini. Ya ce ya rubuta Zariya ne saboda tun yana aji huɗu duk dogon hutu a shagon kawu yake yi, ya san yadda abin yake, kuma ya san in yana Kano ba zai iya cewa a'a ba. Ya ce ba gudun kasuwa yake yi ba, hasali ma burinsa ya dawo cikinta, amma yana so ya fara aiki a banki ko wani kamfani na 'yan shekaru ya ga yadda ake tafiyar da babbar harka a rubuce, domin ya lura kawu ba ya iya faɗin ribarsa ta shekara sai dai ya ce an gode Allah. Ban san yaron nan yana da wannan tunani ba.

Da safe na kira kawu, na bi ta hanyar da Gwaggo ta nuna. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce ba komai, amma da sharaɗin duk dogon hutu a wurinsa yaron zai yi, kuma shi zai riƙa biyan kuɗin rajista, ni in ji da ɗaki da abinci. Wallahi ban zaci haka ba.

Maman Hanifa:
To Baba, kun ci wannan karon, amma a rubuta cewa ba Zariya ce ta kayar da Kano ba, Kwari ce ta kayar da kanta. Yaya Babba, ga roƙona ɗaya. In ya zo hutun, kada a bar shi a ɗaga dila da rakiyar baƙi kawai. Ya roƙi kawu ya bar shi ya buɗe wa shagon littafi na gaskiya, abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ke waje da wanda ake bin shago, ya riƙa gwada abin da aka koya masa a kowane zango. In ya yi haka hutu uku, ya riga ya samu abin da zai rubuta binciken kammalawa a kai. In kuma lokacin babban digiri ya yi, muna nan muna jiransa a titin Gwarzo.

Mai Alli:
Tun da an tsaya a kan Zariya, kada a taɓa komai a zaɓinsa na JAMB. A tabbatar an ɗora sakamakonsa na WAEC ko NECO a shafin hukumar, domin rashin yin haka yana hana mutane gurbi ko da makinsu ya kai. Ya riƙa duba sanarwar jami'ar daga shafinta na intanet kawai don kada rajistar tantancewa ta wuce shi, ya koma kan lissafi da Turanci da tattalin arziki tun yanzu, domin maki 236 yana da kyau amma a wannan kwas ba ya sa a miƙe ƙafa. In gurbi ya fito, ta manhajar CAPS, wadda JAMB ke bayar da gurabe ta cikinta, zai gan shi ya karɓa da kansa, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai samo gurbi ta bayan fage a guje shi, saboda gurbin da bai bi ta nan ba hukuma ba ta san da shi ba, kuma zai dawo ya ci yaron lokacin tafiya hidimar ƙasa.

Yaya Babba:
Na rubuta duka, Malam, gobe za mu je cibiyar da ya yi rajista a duba maganar ɗora sakamakon. Allah ya saka wa kowa da alheri. Saura Hajiya, wadda har yanzu ba ta san an gama magana da ƙanenta ba. Kawu ya ce in bar masa, shi zai kira ta da kansa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ni kuma zan kasance a gidan lokacin da wayar za ta shigo.